Shekara Nawa Yaro Zai Kai Kafin Doka Ta Bar Shi Ya Ajiye Sakandare a Amurka?

A ɗauki yara uku da suka cika shekara 16 a safiyar yau, kuma dukkansu makaranta ta fita daga ransu. Ɗaya yana jihar Jojiya, ɗaya yana Indiyana, na ukun yana Teksas. Na Jojiya zai iya ajiye jakar littattafansa a cikin makon nan, muddin uwa ko uba ya rubuta cewa ya amince, kuma an zauna da shugaban makaranta an tattauna. Na Indiyana sa hannun iyaye bai ishe shi ba, sai shugaban makarantar ma ya sa nasa, shi kuwa ba zai sa ba sai an kawo ɗaya daga cikin dalilai uku da doka ta lissafa: talaucin da ya tilasta wa yaron neman aiki don ciyar da gida, ko rashin lafiya, ko umarnin kotu. Na Teksas kuwa da sauran rina a kaba, domin wajibcin zuwa makaranta ba ya sauka daga kansa sai ya cika 19, sai fa in ya kammala kafin nan.

Ƙasa ɗaya, amsa uku. Da za a ƙara yara daga sauran jihohin, amsoshin ƙaruwa za su yi ta yi.

Tushen wannan bambanci shi ne kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, kuma gyara na goma da aka yi masa ya ce duk ikon da ba a ba gwamnatin tarayya ba, na jihohi ne. Don haka kowace jiha ita ke yanka wa kanta doka. Masachuset ce ta fara tilasta zuwa makaranta a 1852, Misisipi ta zo ta ƙarshe a 1918. A yau iyakar tana tsakanin shekara 16 da 18 a kusan ko'ina, kimanin rabin jihohin sun tsaya a 18, Teksas ta ɗara da shekara guda. Babbar sakandaren da ake magana a kanta ita ce aji na 9 zuwa na 12, yaro kan shige ta yana da shekara 14 ya fita yana da 18 ko kusa da haka. Wato a jihar da iyakarta 16 ce, doka na sakin hannun yaro ne daidai tsakiyar tafiya.

Sai dai wanda ya haddace lambar shekarun kawai, bai san dokar ba tukuna. Ko kalmar "ya cika 16" ma tana da tarko. A jihar Niyok, yaron da ya cika 16 ba ranar haihuwarsa zai fita ba, dole ya kai ƙarshen shekarar karatun da ya cika shekarun a cikinta. Kuma jihar ta ba gundumomin makarantu damar ɗaga iyakar zuwa 17, birnin Niyok kuwa ya ɗaga. Yara biyu a jiha ɗaya, tafiyar awa guda a mota tsakaninsu, ɗaya doka ta sake shi, ɗayan tana riƙe da shi na wata shekarar.

Fulorida ta ce 16, amma fita ba ta tabbata sai yaron ya cike takardar da ke bayyana niyyarsa ta barin makaranta, ya sa hannu, mahaifi ko mahaifiya su sa nasu. A jikin takardar dole a rubuta cewa ya fahimci barin karatu zai iya rage abin da zai samu a rayuwarsa. Sannan a yi zama da shi a ji dalilinsa, a nuna masa wasu hanyoyin ci gaba da karatu. Kafin a shigar da wannan takarda, a idon doka shi ɗalibi ne, kuma duk ranar da bai zo ba fashi ya yi.

Wannan batu na fashi shi ne inda iyalai da yawa ke faɗawa rami. Yaro kan daina zuwa kawai, iyaye su ɗauka magana ta ƙare. Makaranta kuwa tana nan tana ƙirga kwanaki. A Kalifoniya, inda iyakar 18 ce, fashi uku ba tare da uzuri ba a shekarar karatu ɗaya, ko makara ta fiye da minti 30 sau uku, ya isa a rubuta yaro cikin masu fashin makaranta a aika wa iyayensa takarda. In abin ya ci gaba, sai kwamitin kula da halartar makaranta na gunduma, daga nan sai kotu. A jihohi da dama iyaye ne ake ci tara, wani lokaci har da barazanar ɗauri. Teksas ta daɗe tana gurfanar da yaran da kansu a matsayin masu ƙaramin laifi, da tarar da takan kai dala 500, har zuwa 2015 da ta cire fashin makaranta daga jerin laifuffuka ta mayar da shi shari'ar da ba ta barin tabo a takardun yaro. A shekarar ce kuma ta kai iyakar zuwa 19. Ta sassauta ta wani gefe, ta tsaurara ta wani.

To su waye doka ke ɗaga wa ƙafa? Na farko wanda ya kammala da wuri. Yaron da ya tara darussansa ya karɓi takardar shaida yana da shekara 16 ko 17 babu mai tare shi. Na biyu wanda ya sauya hanya ba tare da ya bar karatu ba. Tun 1925 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Oregon da ta nemi tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, ta ce iyaye na da ikon kai 'ya'yansu makarantu masu zaman kansu. Karatun gida ma halal ne a dukkan jihohi 50, ko da yake sharuɗɗan sun bambanta: wata jihar sai an sanar da hukuma an kuma gwada yaron lokaci-lokaci, wata kuwa ko sanarwa ba ta nema. Na uku wanda ke shirin rubuta jarrabawar da ke tsaya wa a madadin takardar sakandare. A Teksas ɗin nan mai tsauri, ɗan shekara 17 da ya shiga ajin shirin wannan jarrabawa zai iya barin makaranta in iyayensa sun yarda, ko kotu ta umarce shi, ko yana zaune shi kaɗai ba tare da iyaye ba, ko ba shi da muhalli.

Akwai kuma shari'ar 1972 da ta shahara, wadda ta taso daga jihar Wiskonsin. Wasu iyaye uku, Jonas Yoder da Wallace Miller da Adin Yutzy, daga al'ummar Amish da 'yan uwansu Mennonite masu gudun rayuwar zamani, sun cire 'ya'yansu masu shekara 14 da 15 bayan aji na 8, alhali dokar jihar ta ce sai 16. Aka ci kowannensu tarar dala 5. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma suka ƙi yarda, magana ta kai Kotun Ƙoli, ita kuma ta ba su gaskiya bisa 'yancin addini, tana la'akari da cewa al'ummar na koya wa matasanta noma da sana'a a gida. Hukuncin ƙunci gare shi, ba kowa zai ce addininsa ya hana shi aji na 9 a saurare shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a shari'ar shi ne ƙorafin mai shari'a William O. Douglas, wanda ya saɓa wa wani sashe na hukuncin. Ya ce ana ta jin ta bakin iyaye da ta bakin jiha, amma rayuwar da ake yankewa ta yaron ce, ya kamata a ji ta bakinsa. Har yau tambayar ba ta tsufa ba. A yawancin jihohin da ke barin fita kafin 18, alƙalamin yana hannun iyaye ne. Yaron da ke son fita ba zai iya ba sai da su.

Wasu matasan kan ɗauka in kotu ta 'yanta su daga ikon iyaye, shi ke nan sun huta da makaranta. Ba lallai ba. A Kalifoniya matashin da kotu ta ba cin gashin kansa zai iya kama hayar ɗaki, ya sa hannu a yarjejeniya, ya riƙe kuɗinsa, amma dokar zuwa makaranta tana nan a kansa. Haka nan juna biyu ba dalilin kora ba ne: dokar tarayya ta 1972 da ta hana wariyar jinsi a makarantu ta haramta wa makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya korar ɗaliba don ta yi ciki ko ta haihu.

Yanzu a ce yaron ya cika duk sharuɗɗan, ya fita. Abu na farko da zai iya rasawa a jihohi da yawa shi ne lasisin tuƙi. Bajiniya ta Yamma ce ta fara wannan dabara a 1988: in ba ka kai 18 ba kuma ba ka makaranta, babu lasisi. Jihohi da dama sun bi sahu, har da Fulorida da Kentaki. Wanda bai san Amurka ba zai ga kamar wasa ne, amma a ƙasar da yawancin garuruwanta ba su da motocin haya na kirki, raba matashi da lasisi daidai yake da raba shi da aikin da ya bar makaranta dominsa. Gaba kura, baya sayaki. Masu goyon bayan dokar na cewa ai manufar ke nan. Ni dai ina ganin ta fi cizon yaron da talauci ya fitar, fiye da wanda lalaci ya fitar.

Ta fuskar aiki, dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta ƙayyade wa 'yan shekara 14 da 15 awa 3 a ranar makaranta da awa 18 a makon karatu. Daga 16 wannan ƙayyadewar ta tarayya ta faɗi, abin da ya sa lambar 16 ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shekarun barin makaranta. Amma har sai ya kai 18 an hana shi ayyuka masu haɗari, irin su haƙar ma'adinai, aikin rufin gini da sarrafa manyan injinan yanka, wato da yawa daga cikin ayyukan ƙarfi masu ɗan kauri a albashi. Wasu jihohin kuma suna da nasu ƙarin ƙa'idojin.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna cewa a cikin ma'aikata 'yan shekara 25 zuwa sama, matsakaicin abin da wanda bai kammala sakandare ba ke samu a mako dala 708 ne, mai takardar sakandare kuwa dala 899. Rashin aiki kashi 5.6 cikin 100 ne a rukunin farko, 3.9 a na biyu. Ratar dala 191 a mako ta kusa dala 10,000 a shekara. Ban da wannan, tallafin karatu na gwamnatin tarayya don shiga kwaleji yawanci sai da takardar sakandare ko makamanciyarta, soja ma bisa al'ada takan fifita mai cikakkiyar takarda.

Makamanciyar takardar da kowa ke ambata ita ce GED, wadda ake samu ta hanyar cin jarrabawa. An ƙirƙiro ta a 1942 saboda matasan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗebe daga aji ya kai fagen fama. A yau fanni huɗu ce: lissafi, harshe, kimiyya da nazarin zamantakewa. Ana ba da maki daga 100 zuwa 200 a kowane fanni, 145 ne makin ci. Wasu jihohin suna amfani da wata jarrabawar mai suna HiSET, ko su yarda da duka biyun. Ba a rubuta ta ƙasa da shekara 16, kuma ɗan 16 ko 17 galibi sai ya kawo shaidar ya bar makaranta a hukumance da yardar iyaye.

A takarda, GED daidai take da shaidar kammala sakandare. A kasuwar aiki labarin ya sha bamban. James Heckman, masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago da ya sami kyautar Nobel a 2000, tare da Stephen Cameron sun nuna tun 1993 cewa abin da masu GED ke samu ya fi kusa da na waɗanda suka bar makaranta ba takarda fiye da na waɗanda suka kammala. Bayanin da Heckman ya ci gaba da bayarwa a ayyukansa da suka biyo baya shi ne matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, masu GED kansu na ja. Abin da jarrabawar ba ta aunawa shi ne juriya, zuwa a kan lokaci, da iya gama abin da aka fara, su ne kuma mai ɗaukar aiki ke karantowa a jikin takardar shekara huɗu. GED tana da amfani sosai ga wanda ya taka ta ya wuce kwaleji ko makarantar koyon sana'a. Wanda ya tsaya a kanta, ribarsa kaɗan ce.

Ganin haka ne ya sa 'yan siyasa suka karkata ga ɗaga shekaru. A jawabinsa ga majalisa a Janairun 2012, Barack Obama ya nemi kowace jiha ta tilasta wa ɗalibai zama har su kammala ko su cika 18. Roƙo ne kawai, tunda ba shi da ikon umarni. Merilan ta ɗaga zuwa 17 a 2015, sannan 18 a 2017. Pensilbeniya ta koma 18 daga shekarar karatu ta 2020. Kentaki ta bi wata hanya mai wayo a 2013: ta bar wa gundumomi zaɓi, amma ta ce da zarar kashi 55 cikin 100 sun amince, wato 96 daga cikin 173, dokar za ta hau kan kowa cikin shekara huɗu. Cikin 'yan makonni aka cike adadin.

Ko ɗaga shekarun yana aiki? A nan masana ba su haɗu ba, kuma kowane ɓangare na da abin riƙewa. A 1991 Joshua Angrist da Alan Krueger sun lura da wani abu: yaron da aka haifa a farkon shekara yakan shiga aji na 1 da ɗan girma, don haka yakan cika 16 bai yi karatu mai yawa kamar wanda aka haifa a ƙarshen shekara ba. Da suka bi bayanan ƙidayar jama'a, sai suka ga lallai 'yan farkon shekara sun ɗan gaza a yawan karatu da kuma samu. Sun ƙiyasta cewa har kusan kashi 25 cikin 100 na waɗanda da sun fita, doka ce ta zaunar da su. To amma waɗancan mutanen haihuwar 1930 zuwa 1950 da wani abu ne, lokacin da barin makaranta ruwan dare ne. A 2012 cibiyar bincike ta Brookings ta kwatanta jihohi na wannan zamanin, ta ga masu iyakar 18 ba su fi masu 16 ko 17 yawan masu kammalawa ba. Dalili ɗaya a fili yake: jihohi da yawa sun rubuta 18 a saman doka, suka cika ƙasanta da uzurori. Na biyu, ba kowace gunduma ke da ma'aikatan da za su bi sawun ɗan shekara 17 da ya ɓace ba.

Ingila ta ɗauki wata hanyar da ta cancanci a duba. A can yaro na iya barin makaranta a Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni in zai cika 16 kafin ƙarshen hutun bazara, amma har ya kai 18 dole ya kasance cikin ɗaya daga uku: cikakken karatu a kwaleji, ko koyon sana'a a wurin aiki, ko aikin awa 20 ko fiye a mako haɗe da karatu na ɗan lokaci. Tambayar da suke yi wa yaro ita ce ina za ka, alhali yawancin dokokin Amurka shekarunka nawa suke tambaya.

Duk da wannan muhawara, adadin masu barin makaranta a Amurka raguwa yake yi. A cikin matasa 'yan 16 zuwa 24, waɗanda ba sa makaranta kuma ba su da takarda sun sauka daga kashi 7 cikin 100 a 2012 zuwa 5.3 a 2022. Masu kammalawa cikin shekara huɗu a makarantun gwamnati sun tashi daga kashi 79 a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011, suka kai kusan 87. Sai dai a riƙa karanta irin waɗannan alƙaluma da ido biyu, domin makaranta na da riba in ta rubuta yaron da ya ɓace a matsayin wanda ya koma wata makarantar ko karatun gida. A 2003 binciken da jihar Teksas ta yi a makarantu 16 na birnin Houston ya gano cewa daga cikin ɗalibai kusan 5,500 da suka tafi, kimanin 3,000 ya kamata a ƙirga cikin waɗanda suka bar karatu, ba a ƙirga su ba. Irin wannan na cikin abin da ya sa gwamnatin tarayya ta fito da ma'auni ɗaya ga duk jihohi a 2008, wanda kuma ba ya lissafa mai GED a matsayin wanda ya kammala.

Binciken da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga Chicago. Elaine Allensworth da John Easton sun bi ɗaliban makarantun gwamnati na birnin, suka ga cewa abin da ya faru a aji na 9 ya fi komai nuna wanda zai kammala. Ɗalibin da ya gama wannan ajin da cikakkun darussa biyar, wato darussan shekara guda da ya ci, kuma bai faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, damarsa ta kammalawa ta ninka ta wanda bai cika wannan sharaɗi ba fiye da sau uku. Ɗan aji 9 shekararsa 14 ko 15. Ashe tun kafin ya iso ƙofar da majalisu ke ta jayayya a kan ko a sa ta a 16 ko a 18, tafiyar ta riga ta fara: fashin kwana ɗaya a mako, darasi ɗaya da aka faɗi, maimaita aji, sai ya wayi gari ya girmi 'yan ajinsu. Ranar da ya sa hannu a takardar fita, rufe littafi ne kawai. Makarantun Chicago da suka mayar da hankali kan wannan aji, suna bibiyar fashi da maki tun makonnin farko, sun ga adadin masu kammalawa ya tashi sosai a shekarun da suka biyo baya.

Wanda ya riga ya fita kuma, ƙofar komawa ba ta rufe nan take. A yawancin jihohi matashi na da 'yancin karatu kyauta a makarantar gwamnati har zuwa shekara 20 ko 21, dokar tarayya ta masu buƙata ta musamman ma ta tanadar musu hidima har zuwa 21. Teksas ta yarda gundumomi su karɓi wanda bai kai 26 ba don ya ƙarasa. Abin da ke jiran mai komowa shi ne lissafin darussa, domin takardar ba da shekarun zama ake ba da ita ba. A Fulorida hanyar da aka saba tana neman cikakkun darussa 24, a Teksas mafi ƙaranci 22. Wanda ya fita daga makarantar Fulorida da 6 a hannu, in ya dawo yana da shekara 19, 18 ne suka rage masa.